Yadda ake buga poka da yadda hannunka zai faɗa a kanta, daga bes ɗinmu na Aboabo

Shekara huɗu ke nan muna buga poka, wani wasan kati, a bes ɗinmu, wato inda muke zaman hira, nan Aboabo a Kumasi, duk daren Juma'a da Asabar bayan an idar da isha'i, mu bakwai wani lokacin takwas, ga butar ataya a kan gawayi ga benci biyu da wani tsohon teburin tela da muka juya ya zama namu. Wanda ya kawo mana wasan wani yayanmu ne da ya daɗe yana tuƙin tasi a Amurka, shi ya faɗa mana cewa babbar gasar duniya ta wannan wasa tun 1970 ake yin ta a Las Vegas, kuma a 2003 wani akanta mai suna Chris Moneymaker wanda ba kowa ya san shi ba ya shigo ta intanet ya cinye ta, daga nan ne wasan ya bazu ko'ina. Mu da muka tashi da sipa da ludo da dame mun ɗauka ai kati kati ne, sai da muka yi wata uku yaya yana kwashe mu duk dare kafin muka yarda akwai abin koyo a ciki.

Kafin komai bari in faɗi wannan don kar wani ya ɗauki maganata ya kai ta inda ban aike ta ba. Mu ko pesuwa ɗaya ba ma sawa. Caca haramun ce, ayar tana nan a Suratul Ma'ida aya ta 90, kuma duk wanda ke zaune a zango ya ga abin da betin ɗin waya ya yi wa samari, wani kuɗin jarinsa, wani kuɗin mastansa na Magazin, unguwar makanikai ta Suame. Akwai ma malaman da ba su son kati ko da babu kuɗi a ciki, toh wannan ka tambayi malaminka ka ji. Mu dai da murfin kwalba muke yi, kuma da an ce wani bai yi sallah ba sai ya tashi ya yi kafin a raba masa.

Mataki na farko: kayan wasa

Kati kwali biyu, na roba in ka samu a Kejetia ko Alabar, don na takarda sati biyu ya yi laushi ya fara nuna alama a baya. Ka cire joka, saura 52, gida huɗu kowane gida 13: zuciya, daimon, sifed da kulob. Sai murfin kwalba, mu mai shagon kusa da mu ne ke tara mana. Murfin Fanta maki 1, na Coke maki 5, na Malta maki 25. Kowa a ba shi Fanta 10, Coke 8, Malta 6, ya kama 200 ke nan. Sai wani abu guda da zai nuna wanda ke rabo, mu tsohon makulli muke ajiyewa a gabansa, duk zagaye ɗaya makullin ya matsa hagu.

Mutane za su ce maka in babu kuɗi ba wanda zai ɗauki wasan da gaske, kowa zai yi ta zuba murfi ne kawai. Gaskiya ne in ba ku yi tsari ba. Abin da ya gyara mana shi ne littafi, muna rubuta wanda ya fara fita da wanda ya rage ƙarshe duk dare, a ƙarshen wata a tara, kuma wanda murfinsa ya ƙare ya ƙare ke nan ba a ƙara masa, sai ya koma gefe ya riƙe butar ataya yana kallo har a tashi. Wallahi zaman awa biyu kana kallon wasu suna wasa ya isa ya sa ka riƙe murfinka da kyau.

Mataki na biyu: ka haddace wane hannu ya fi wane

Irin da muke bugawa shi ne Texas Hold'em. Ana ba ka kati biyu a rufe, a buɗe biyar a tsakiya na kowa da kowa, kai kuma ka zaɓi biyar mafi kyau cikin bakwai ɗin nan. Daga ƙasa zuwa sama: wanda bai haɗa komai ba sai babban kati, sai tagwaye wato biyu masu lamba ɗaya, sai tagwaye biyu, sai 'yan uku, sai jere wato biyar a bin juna kamar 5 6 7 8 9, sai fulash wato biyar 'yan gida ɗaya, sai ful haus wato 'yan uku haɗe da tagwaye, sai 'yan huɗu, sai jere a gida ɗaya wanda za ka iya shekara ba ka gan shi ba.

Inda rigima ke tashi a bes guda uku ne kuma gara ku kashe su tun ranar farko. Fulash ya fi jere, kullum. A tana iya zama sama da K ko ta zama 1 a jeren A 2 3 4 5, amma ba ta zagayowa, Q K A 2 3 ba komai ba ne. Sannan babu gidan da ya fi wani, in ni da kai muka haɗa abu ɗaya sai a duba katin da ke biye, misali dukkanmu muna da tagwayen A amma ni ina da K kai kana da 9, ni na ci, in kuma duka biyar ɗin sun yi daidai a raba tulin biyu, wato murfin da aka tara a tsakiya. Wannan katin da ke biye ɗin ka riƙe shi a ranka, zan dawo kansa.

Mataki na uku: yadda zagaye ɗaya ke tafiya

Mutum biyu na hagun mai rabo su ke zubin dole tun ba su ga kati ba, na farko 1 na biyu 2. A raba wa kowa biyu. Magana ta fara daga na hagun mai zubin 2, kuma abu uku ne a gabanka: ka zubar da katin ka fita, ka bi wato ka sa daidai abin da aka sa, ko ka ƙara. In an gama sai mai rabo ya ajiye kati ɗaya a rufe ya buɗe uku, wannan shi ne fulop. A sake magana, yanzu daga na hagun mai rabo, kuma in ba wanda ya sa komai kana iya ƙwanƙwasa tebur ka wuce. A buɗe na huɗu a yi magana, a buɗe na biyar a yi ta ƙarshe, waɗanda suka rage su buɗe hannu. In kowa ya zubar ya bar ka kai kaɗai ka kwashe tulin ba sai ka nuna komai ba. Doka ɗaya da za ku tsaya a kanta: ka faɗi abin da za ka yi da baki kafin hannunka ya taɓa murfi, ba a sa biyar a kalli fuskar mutum sannan a ce au na ƙara goma. Mu duk minti 20 muke ninka zubin dole don wasan ya ƙare kafin dare ya raba.

Mataki na huɗu: ka koyi zubarwa

Nan ne zan daɗe, don duk wanda na gani ya gyaru a wasan nan ta nan ya gyaru. Sabon shiga yana ganin in an ba shi kati dole ya buga shi, kamar an zuba masa tuwo ne zai zama rashin kunya ya ƙi ci. A'a ɗan uwa. A teburin mutum bakwai ko takwas, cikin hannu biyar da aka raba maka huɗu na zubarwa ne. Kati biyu da ba tagwaye ba, kusan sau biyu cikin uku fulop zai fito bai ba ka ko tagwaye ba, toh ka ga in kana shiga kowane zagaye da J 4 da 9 3 murfinka yana tsiyaya ne kamar bokiti mai huji, biyu biyu, huɗu huɗu, ba ka ji ba ka gani ba sai ka duba ka ga rabi ya tafi alhali ba ka yi wani babban faɗa da kowa ba.

Tagwaye a hannu sau ɗaya cikin 17 suke zuwa, tagwayen A kuwa sau ɗaya cikin 221, don haka ba su kaɗai za ka zauna jira ba. In kana cikin masu fara magana ka tsaya kan tagwaye daga 7 zuwa sama, da A K, da A Q, da A J ko K Q in gida ɗaya ne. In kai ne mai rabo ko na damansa kuma ba wanda ya ƙara, sai ka buɗe hannu kaɗan, ƙananan tagwaye, A da kowane kati ɗan gidanta, da masu bin juna 'yan gida ɗaya irin 9 8 ko 8 7.

Tarko biyu ne suka fi cin mutanenmu. Na farko "ai gida ɗaya ne", mutum ya ga Q da 3 na zuciya ya ce zai yi fulash, alhali ko ka tsaya har katin ƙarshe wajen sau 6 cikin 100 kawai yake haɗuwa. Na biyu A da ƙaramin kati. Ranar da A ta fito a fulop za ka ji daɗi ka yi ta zubawa, a buɗe ka tarar mutumin ma A gare shi amma da K a bayanta kai da 5, kuma irin wannan faɗuwar ba ƙarama ba ce don kai kana ganin kai ne a sama tun farko har ƙarshe.

Kuma in ka yanke za ka shiga, ka shiga da ƙari. Zubin dole 2 ne, ka sa 6, in wani ya riga ya bi ka ƙara 2 a kan kowane mutum ɗaya. Masu laɓaɓowa su sa 2 kawai don su ga fulop da araha, su ne abincin tebur. In kana da tagwayen A ka bar mutum biyar suka shigo da arha, kai ka gayyato wanda zai kayar da kai da 6 4.

Mataki na biyar: wurin zama

Yaya yakan ce mana wanda ya yi magana a ƙarshe shi ya ji ta kowa, kamar zaman sulhu a gidan sarkin zango. Mai rabo shi ne na ƙarshe a duk maganar da ta biyo bayan fulop, ya ga wanda ya wuce, ya ga wanda ya sa da yawa, ya ga wanda hannunsa ya yi rawa, sannan ya yanke nasa. Hannu ɗaya tak, K J a ce, in kai ne farkon magana matsala ne, in makulli na gabanka abin bugawa ne. Ka gwada wata ɗaya kana lura da inda murfinka ke ƙaruwa, za ka ga yawancinsa daga kujerun ƙarshe ne.

Mataki na shida: lissafi, kuma ba mai wuya ba ne

Duk wanda zai iya ba da canji a Kejetia zai iya wannan. Bari in kawo hannun da na buga da telanmu kwanan baya. Ina riƙe da A da 9 na zuciya, fulop ya fito K na zuciya, 7 na zuciya, 2 na sifed. Zuciya huɗu ke nan, saura ɗaya in yi fulash. Zuciya 13 ne a kwali, na ga 4, saura 9 da za su cece ni. Ƙa'idar ita ce ka ninka wannan lambar da 2 in kati ɗaya za a buɗe, ka samu wajen kashi 18 zuwa 20 cikin 100, sau ɗaya cikin biyar ke nan. In kuma an zuba duka ne za ka ga kati biyu ba tare da ka ƙara biya ba sai ka ninka da 4, wajen kashi 35. Jeren da ke buɗe ta gefe biyu kamar 6 7 8 9 kati 8 ke cika shi, wanda ke da rami a tsakiya kamar 6 7 9 10 kati 4 ne kawai, shi wannan na biyun kar ka bi shi da tsada.

Toh kati na huɗu ya fito 4 na kulob, bai taimake ni ba. Tuli 60 ne, tela ya sa 60. Zan biya 60 ne tulin ya zama 180 gaba ɗaya, nawa kashi ɗaya cikin uku ke nan, ni kuma damata ɗaya cikin biyar ce. Farashin ya fi kayan, na zubar. Da 15 ya sa, zan biya 15 tuli ya zama 90, ɗaya cikin shida, sai in bi da gudu. Shi ke nan lissafin, ka kwatanta abin da za ka biya da damar da kake da ita. Aka buɗe katin ƙarshe don wani na gefe ya bi, sai ga zuciya ta fito, yara suka yi ta ihu wai na zubar da fulash. Ban ji komai ba, domin in aka maimaita hannun nan sau biyar sau huɗu asarar 60 zan yi, kuma mu duk sati muke zama, za a maimaita ɗin.

Wannan lissafin yana aiki ta ɗaya gefen ma. In kai ne ke da hannu mai kyau kuma ka ga zuciya biyu a tebur, kar ka sa ɗan kaɗan kana lallashi, ka sa rabin tuli zuwa biyu bisa uku, mai jiran fulash ya biya da tsada. Ƙananan tagwaye kuma, 4 4 ko 5 5, abin da kake nema na uku ya fito a fulop, yana faruwa wajen sau ɗaya cikin takwas, in bai fito ba aka sa murfi ka sake su ba gardama.

Mataki na bakwai: ka karanta mutane

Lokacin da ka zubar da kati ba lokacin danna waya ba ne, a nan ake karatun. Ka fara da abin da mutum ke yi da murfinsa kafin ka je fuska. Wa ke shiga kowane zagaye? Wa ke bi kullum ba ya taɓa ƙarawa? Wa ke sa kaɗan in hannunsa ya yi rauni ya sa da yawa in ya yi ƙarfi? Muna da wani direban tirotiro, mutum mai haƙuri, shi dai bi kawai yake, zai yi awa bai ce na ƙara ba. Wata rana ina da tagwayen K na ƙara ya bi, fulop ya fito da A, na sa 20, sai na ji ya ce na ƙara, ya tura Malta uku. Duk abin da na sani game da mutumin nan yana faɗa mini A ce a hannunsa, amma ido na ya tsaya kan K biyun nan na kasa rabuwa da su, na bi har ƙarshe, ya buɗe A Q. Tun daga ranar in mai shiru ya ɗaga murya ina yarda da shi.

Alamun jiki suna nan amma ka sa su a baya. Akwai ɗayanmu da in fulop ya yi masa kyau sai ya ajiye kofin atayarsa a hankali ya kalli murfinsa, na lura da shi sau da yawa kafin na dogara da abin. Kai ma ka san ana kallon ka, ka duba katinka sau ɗaya ka haddace, ka riƙa ɗaukar lokaci iri ɗaya ko hannu ya yi kyau ko bai yi ba.

Burga kuma, wato ka sa murfi da hannun banza don a zubar maka, ita ce kowa ke ɗokin yi don ita ake nunawa a talabijin. Ka rage ta. Tana ci ne a kan mutum ɗaya ko biyu, kuma a kan wanda ya iya zubarwa. Wanda ke bin komai ba a yi masa burga, jira ake a samu hannu a sa masa da yawa ya biya. In ka sa rabin tuli, kana bukatar a zubar maka sau ɗaya cikin uku kafin ka fita ba asara. Kuma labarinka ya haɗu, ba za ka yi ta wucewa tun fulop ba sannan a katin ƙarshe da bai canja komai ba ka tura duka ka ce a yarda da kai. Mafi kyawunta ita ce wadda kake da mafita, kamar kana jiran fulash ka sa, in an zubar ka ci yanzu, in an bi har yanzu kati 9 na nan.

Mataki na takwas: zuciya

Ko tagwayen A ka kara da tagwayen K aka zuba duka, wajen sau ɗaya cikin biyar K ɗin zai ci. Zai faru da kai, kuma a nan ake gane wanda ya iya, don mai zafin rai yana faɗuwa hannu ɗaya sai ya shiga biyar na gaba da katin banza wai zai rama. In ka ji ƙirjinka ya ɗau zafi ka zubar da hannu uku a jere ko mene ne, ka tashi ka sha ruwa ka dawo. In kuwa wasan ya fara sa ka gaba da ɗan uwanka ko ka fara jin cewa da da kuɗi ne da ya fi daɗi, ka ajiye shi na wata guda, mu ma da azumi gaba ɗaya rufe teburin muke sai bayan sallah.

Abu na ƙarshe da ya taimake ni shi ne bayan an tashi, kafin in kwanta, ina rubuta hannu ɗaya ko biyu da suka dame ni a waya: me ke hannuna, ina nake zaune, nawa ne a tuli, wa ya sa nawa. Washegari in na biya ta shagon tela sai mu baje shi, yaya in yana nan ya tambaye ni tambayar da ya saba, me kake tsammani yana riƙe da shi lokacin da ka bi? In na kasa amsawa toh na san inda kuskuren yake, ko da na ci hannun. Ka fara da guda ɗaya a daren Juma'ar nan, wanda ka fi sa murfi a cikinsa.